Kiɗan da Na Yi wa Jatau

Gwallaga, Bauchi

Zuwa ga ɗana Haruna,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa kun sauka Kaduna lafiya kai da abokan tafiyarka, ya haɗa ka da masauki na kirki da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin da kake gani da wanda ba ka gani. Innarka tana gaishe ka. Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, saboda haka ba zan ba ka shi ba. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau ni da alƙalami ba ma shiri.

Maganar Bitrus ce. Na faɗe ta tun farko don kada ka yi ta laluben inda na dosa. Yaron nan ba shi da lafiyar da zai tsaya muku a raga, kuma kai ka sa shi ya hau motar nan. Ina so ka cire shi kafin ranar wasa.

Ran jajibirin tafiyarku kuna zaune a dakalin ƙofar gida, kai da 'yan ƙwallonka, ni ina cikin zaure ina tsince kanwa. Kun ɗauka tsoho ba ya ji. Na ji Bitrus ya ce, "Kyaftin, ni dai a bar ni. Tun da gwiwar nan ta same ni a kai ban dawo daidai ba. Likita ya ce in kwanta. Ƙwallo biyu nake gani." Kai kuma ka yi dariya ka ce, "To ka kama duka biyun mana. Bitrus ɗin da na sani ba ya kwanciya, ko an musanya mana shi ne? A ce ana bikin mulkin kai, duk lardunan Arewa sun hallara, golan Bauchi yana ɗakin uwarsa yana shan kunu?" Kowa ya kwashe da dariya. Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Zan je."

Bayan motarku ta tashi uwarsa ta zo gidan nan. Ta durƙusa a tsakar gida, ta ƙi hawa tabarmar da innarka ta shimfiɗa mata. Ta ce mini, "Baba, da safen nan ma ya yi amai. Na ce kada ya tafi, ya ce Haruna ya yi magana a gaban mutane. Ni ba ni da wani sai shi." Mutanen nan tun daga Bogoro suka zo garin nan neman abinci, shekara nawa muna maƙwabtaka ba mu taɓa jin kansu ba. Kunya ce ta kama ni, da tsoro.

Na san amsar da za ka ba ni. Za ka ce ba ka ɗaure shi da igiya ba, da ƙafarsa ya hau mota. Na san amsar nan ciki da waje, domin na riga ka faɗinta da shekara ashirin.

Ka san a da ni makaɗin 'yan kokawa ne, amma iyakar saninka ke nan, tun da na hana a yi zancen a gidana. Yau ni zan karya dokar. A kokawa kowane gwarzo yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai. In aka kaɗa shi a fage, ko tuwo yake ci sai ya tsame hannu ya tashi. Wanda aka kaɗa takensa a bainar jama'a ya ci gaba da zama, to ya gama yawo. Ba mai sake kiransa ɗan kokawa, 'yan mata su sa shi a waƙa, makaɗi kuma ya ba wani taken. Haka muka taras, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Gwarzona shi ne Jatau, wani manomi daga Zungur, gajere mai faɗin ƙirji, wanda magana ba ta dame shi ba. Ni na yi masa takensa tun muna samari. Kaka bakwai muna yawon kokawa tare ban ga bayansa ya taɓa ƙasa ba. Abokina ne, a akushi ɗaya muke ci, shi ya raka ni gaisuwar surukai lokacin da nake neman innarka.

A hankali mutane suka fara cewa gangar Buba ce ke kayarwa. Maganar ta yi mini daɗi, na bar ta tana yawo, har ni ma na gaskata ta. Kuma ba a banza na gaskata ba. Da idona nake ganin mutum yana zaune jiki a sanyaye, in taɓa fata, tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe ya ɗaga ƙato ya buga da ƙasa. Kiɗa ya zo, kaye ya biyo baya. Na ga wannan ya bi wancan ban san adadi ba, sai na yanke cewa wannan ne ke haifar da wancan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba don me gangar nan, da hannun nan, ba ta yi wa kowa haka. Akwai wani ragon da na yi wa kiɗa kaka biyu cur, kullum sai an tashe shi ana kaɗe masa ƙasa a ƙeya. Shi na ce ba shi da sa'a. Ƙarfin nan a jikin Jatau yake, fartanya ta gina shi, yana nan ko yana barci, yana nan ko ba mai kallo. Abin da gangata ke yi kira ne kawai, ƙarfin ya amsa.

Ka riƙe wannan, kai da aka ba shugabancin 'yan wasa. In Bitrus ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, idonsa ne da hannunsa, ba bakinka ba. Bakinka yana iya kiran abin da ke cikin mutum ya fito. Ba ya iya mayar masa da abin da ciwo ya ɗauke. Ni na ɗauka tawa gangar tana iyawa, kuma ga inda hakan ya kai ni.

Shekarar da kake goye, Jatau ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka. Ya tashi ya ci gaba da aikinsa, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Da kokawa ta matso sai ya tako har gidan nan, ya zauna a zauren da nake rubutun nan a ciki. Ya ce, "Buba, bana kada ka kaɗa ni. Hannun hagun nan yana mutuwa. In na waiwaya sai in ji kamar an soka mini allura daga wuya har tafin ƙafa. Kai kaɗai na gaya wa." Na ce masa to. Ina so ka san cewa na ce to.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, a filin da ke bayan Ƙofar Dumi. Wani matashi ɗan ci-rani mai suna Ilu, wanda ke sayar da ruwa a unguwa, ya shiga fage ya kayar da mutum huɗu a jere, duk 'yan gari. Yaro ne mai ladabi, kowa ya kayar sai ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Fage ya yi tsit, ba mai fitowa. Jatau yana zaune a cikin 'yan kallo da riga da hula, ko walki bai zo da shi ba. Sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ina gangar da ake cika baki da ita? Ko ta fashe ne?" Aka yi dariya. Ba Jatau aka zaga ba, ni aka zaga. Zuciya ta ɗebe ni, na ce a raina ai in na kaɗa, wuyan Jatau ma warkewa zai yi.

Na ɗaga gula na fara takensa. Mata suka rangaɗa guɗa, mutane suka juya suna nemansa. Ya daɗe bai motsa ba. Na ƙara ƙarfi. Sai ya tashi a hankali kamar tsoho, ya cire riga ya miƙa wa na kusa da shi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga.

Ba su daɗe ba. Ilu ya sa masa taɗiya, suka tafi ƙasa tare, irin kayen da ake yi kullum a tashi ana dariya. Ilu ya miƙe ya miƙa masa hannu. Jatau bai karɓa ba. Yana kwance rigingine, idonsa biyu, ya ce da muryarsa ta kullum, "Ku jawo mini ƙafafuna, sun lanƙwashe a ƙarƙashina." Ƙafafunsa kuwa suna miƙe sambal a gabanmu. A kan ƙyauren wani gida aka ɗauke shi zuwa Zungur. Daga wuya zuwa ƙasa bai ƙara motsa komai ba.

Da na tsaya a nan, da laifina ɗaya ne. Amma na shiga neman inda zan ajiye shi. Kafin magariba magana ta bazu cewa baƙon nan yana da mugun asiri, wai kambun da ke damtsensa na karya mutane ne. Aka tambaye ni, ni da na san komai, na ce Allah ne masani. Da wannan kalma aka fasa masa tulunansa, aka yi masa dukan da sai da ya kwana uku bai fita ba, ya bar garin da ɗingishi. Har yau ban san ko yana raye ba, kuma ban san me yake gaya wa kansa ba.

Ilu bai yi komai ba sai abin da aka shiga fage don a yi. Na daɗe ina tunanin mene ne wasa, tun da ba ni da aikin yi a kasuwa sai tunani in ba ciniki. Kaye a kan kansa ba komai ba ne, bayan mutum ne ya taɓa ƙasa, kuma kowa bayansa na taɓa ƙasa in ya zo barci. Mu muka taru muka ce wannan shi ne ci, wancan shi ne faɗuwa. Haka ƙwallonku, fata ce ta wuce tsakanin itace biyu. Abin da ya sa mutum biyu za su kama juna da iyakar ƙarfinsu kuma a kira shi wasa, ba faɗa ba, shi ne akwai amana a ƙarƙashi. Kowa ya ara wa ɗan'uwansa jikinsa ya gwada ƙarfi a kai, a kan cewa lafiyayye ya shigo kuma lafiyayye zai fita. Ni na tura wa Ilu karyayyen mutum yana zaton lafiyayye ne. Abin da aka yi ranar nan ba kokawa ba ce, ko da yake duk dokokinta an cika su. Yanzu haka akwai wani ɗan mutane a Kaduna da zai yi tsalle su yi karo da Bitrus a bakin raga. Bai san komai ba, kai ka sani. Kada ka sa shi ya zama Ilu.

Da Ilu ya tafi sai na koma kan Jatau kansa. Na riƙa gaya wa innarka cewa babba ne, ya san jikinsa, da ya ga dama da ya zauna. Halinsa ne, ba ya iya jin takensa ya daure. Innarka kallona kawai take yi ta ci gaba da aikinta. Sai bayan na ajiye ganga na kama sayar da gishiri da kanwa na ga ƙaryar maganar. Gishiri yana iya shekara a buhu bai narke ba, amma narkewar tana cikinsa, jiran ruwa take yi. Wanda ya san haka ya kwara masa ruwa ba zai ce halin gishiri ne ba. Gaskiya ne halin Jatau ne ya tashi. Ni na fi kowa sanin halin, ni na zauna na ƙera kiɗan da ke taɓa shi. Sanin da na yi masa ne ya ba ni iko a kansa. Da wani baƙon makaɗi ne, da ya wuni yana dukan ganga Jatau na zaune. Kai ma ba don ka san inda zuciyar Bitrus take ba, da maganarka ba ta ɗaga shi ba.

Mafakata ta ƙarshe ita ce ta fi daɗewa, kuma ita na fi jin kunyarta. Na koma zama a masallacin unguwarmu wajen Malam Hamidu, Allah ya jiƙansa, yana karantar da tauhidi bayan sallar asuba. Wata rana ya ce wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, wuƙa ba ta yanka da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙuna in wuta ta taɓa, ya halicci yanka in wuƙa ta bi. Haruna, ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce ashe ganga ba ta tayar da kowa. Ashe taɗiya ba ta karya wuya. An rubuta Jatau zai kwanta, ni wane ne? Shekara uku ina barci da wannan karatu.

Rannan sai daɗi ya ɗebe ni na tsaya bayan kowa ya watse, na ba malam labarin duka, ina jiran ya sa mini albarka. Sai ya ce, "Buba, ka yanki rabin karatu ka yi mayafi da shi. Lokacin da Jatau ke kayarwa, ka taɓa cewa ba gangarka ba ce, Allah ne?" Ya ce, "Sai da ya faɗi ka tuna da tauhidi. Wanda ke halittar ƙuna shi ya sa ta bi wuta kullum, don ka san abin da zai biyo baya in ka ɗora ta a kan dangar maƙwabcinka. Ranar gobe ba wutar za a tambaya ba. Tashi ka tafi Zungur."

In Bitrus ya faɗi, za a sami masu gaya maka ƙaddara ce, kuma ba ƙarya za su yi ba. Amma maganar nan ta uwarsa ce, ita ke da haƙƙin ta yi haƙuri da ita. Ba taka ba ce da za ka wanke hannu a ciki.

Na tafi Zungur da damina, a ƙasa, ina tafe ina fatan hanya ta ƙara tsawo. Gonarsa ciyawa ta cinye rabi. Matarsa ta gan ni ba ta gaishe ni ba, ta nuna mini ɗaki da haɓa. Warin ɗakin ne ya fara tare ni. Mutumin da na sani da faɗin ƙirji ya koma ƙashi da fata, bayansa duk gyambo, ƙudaje suna bin bakinsa ba shi da hannun kora. Na tsuguna na fara jero gaisuwa. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Buba, ka zo."

Na ce, "Na zo, Jatau. Na zo ka yafe mini."

Ya ce, "Tsaya tukuna. Ni na tashi da ƙafata. Da na zauna na sha kunyar, da yanzu ina gona. Wannan nawa ne, ba zan ba ka shi ba. Amma nawa bai rage naka ba." Ya huta, don numfashi ma aiki ne a gare shi. Sa'an nan ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Da ka fara kiɗan, na dube ka na girgiza maka kai. Ka gani?"

Haruna, ba wanda ya san wannan, ko innarka ban gaya mata ba. Ya girgiza mini kai sau ɗaya, a hankali, yadda ba wanda zai lura sai ni. Ni kuwa na kawar da fuska na ƙara wa gula nauyi.

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "To. Shekara huɗu ina kwance ina gaya wa kaina wataƙila ba ka gani ba." Ya rufe ido. Na zauna har rana ta karkata bai sake buɗewa ba, bai kuma ce ya yafe ba. Kafin a yanke gero ya rasu.

Ranar nan a dakali, ta ƙofar zaure ina hangen ku. Da ka gama maganarka ana dariya, Bitrus bai yi dariya ba. Ya dafe gefen kansa ya ɗago ya dube ka, kai kaɗai. Ka dube shi, sai ka juya ka tafa da na kusa da kai. Ka gani, Haruna, kuma na ga ka gani. Ni ma da ya kamata in fito a lokacin in tsawata, sai na zauna da kanwa a hannu ina cewa kada in kunyata ka a gaban abokanka. Ka ga har yanzu ban gama koyo ba.

Ga abin da nake so ka yi. Kada ka ja shi gefe ka ce masa in ya ga dama ya huta, ba zai huta ba, ka riga ka toshe masa wannan hanya. A gaban mutanen da ka yi maganar za ka janye ta. Ka tara su ka ce kai ne ka yi kuskure, kai ne ka hana shi tsayawa, wanda ke da magana ya yi da kai. Ka kai shi asibiti da kanka. Ka sa wani a raga ko da bai iya ba. In za a zura muku goma a zura. Za su zage ka, wataƙila su karɓe shugabancin, a dawo Bauchi ana cewa kai ka jawo. Zagi ne, ana kwana da shi a tashi. Yanzu ko'ina ka juya zancen ke nan, iko zai dawo hannunmu, kowa na lissafin abin da zai yi da shi. Kai naka ɗan ikon ya riga ya zo, kuma abin da ake nema gare ka shi ne ka fasa sa Bitrus a raga.

Na ba wani direba takardar nan zuwa Jos, ya ce zai sa ta a jirgin ƙasa. Ban san wanda zai riga isowa ba, ita ko ranar wasan. In ta makara kuma Allah ya tsare, kada ka ce ka ga ai ba abin da ya faru. In kuwa wani abu ya faru, kada ka nemi wanda za ka ɗora wa, kada ka yi shekara huɗu. Ka dawo ka durƙusa gaban matar nan ka gaya mata ka gani. Zan raka ka, amma ba zan yi magana a madadinka ba.

Allah ya ba Bitrus lafiya, ya mayar wa uwarsa da shi da ƙafarsa. Allah ya jiƙan Jatau, ya saka wa Ilu duk inda yake. Kai kuma Allah ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, ya yi maka albarka, ya tsare mutane daga bakinka, ya sa kada ka tsufa da irin abin da na tsufa da shi. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Buba